Shin agogon atom ya sasanta Ainshitain da kwantum?

"Mushe barka da war haka. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a sashen fizik nan Damagaram. Na ga ana ta yaɗawa a WhatsApp wai wasu masana a Amurka sun ƙera agogon atom da ya gano lokaci bai tafiya daidai tsakanin sama da ƙasan milimita ɗaya tak, wai kuma wannan ya haɗa ka'idar Ainshitain da ta kwantum. To mu a kalas an ce mana waɗannan biyun ba su jituwa. Wanne ne gaskiya? Ta yaya ma jan ƙasa ke taɓa atom ɗaya tilo da nauyinsa bai kai komai ba? Kuma don Allah mu nan da ko ruwan pampo bai ishe mu ba, akwai abin da wannan zai tsinana mana?"

Barka kadai ƙanena. In na fahimce ka da kyau abu uku kake nema: ko awon nan da gaske an yi shi, ko ya kashe rigimar da ke tsakanin ka'idojin biyu, sai kuma maganar amfani. To awon kam an yi shi, ba ƙaryar WhatsApp ba ce, kuma aiki ne da ya cancanci a jinjina ma waɗanda suka yi shi. Amma bai sasanta komai ba, malamanka ba su ruɗe ka ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, duk gwajin da aka yi har yau atom ɗin ne ke cikin halin kwantum, shi kuwa abin da ke jansa wani ƙaton abu ne da ke zaune wuri ɗaya lafiya lau, ko dai duniya kanta ko wani dunƙulen ƙarfe da aka ajiye a gefe. Rigimar tana can ne inda shi mai jan zai shiga halin kwantum, kuma wurin nan ba wanda ya taka tukuna.

Ni koyarwa ce aikina, ban taɓa sa hannu cikin irin wannan agogo ba, don labo ƙalilan ne a duniya ke da shi. Amma lissafin da ke bayansa ba na aljanu ba ne, kai ma za ka iya yin rabinsa a bayan kayenka, kuma ta nan zan bi da kai.

Agogon tukuna

Ka riga ka sani tun daga tarminal cewa elektoron da ke cikin atom ba ya ɗaukar kuzarin da ya ga dama, matakai ne ƙayyadaddu, in zai haye daga wannan zuwa wancan sai ya haɗiye haske mai wani takamaiman yawan kaɗawa, ba ƙari ba ragi. To wannan kaɗawar ita ce ake ƙirgawa a maimakon lilon agogon bango. Tun 1967 ma'anar daƙiƙa ɗaya a duniya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da atom ɗin sesiyom-133 ke amsawa. Agogunan yanzu sun bar sesiyom a baya, suna aiki da irin su sitironsiyom, wanda ke amsa jan haske mai kaɗawa wajen tiriliyan 429 a daƙiƙa. Da yake an yanka daƙiƙar ƙanana-ƙanana fiye da da, ɗan kuskure kaɗan ma nan take yake fitowa fili. Mafi kyawunsu yanzu kuskurensu kusan kashi 1 ne cikin 10^18, wato 1 da sifili 18 a bayansa, ma'ana ko da an kunna shi tun shekaru biliyan goma sha wani abu da suka wuce da ƙyar zai ɓata daƙiƙa ɗaya.

Shi kuma Ainshitain tun 1907 ya hango, kafin ya kammala ka'idarsa a 1915, cewa agogon da ke ƙasa ya fi na sama jinkiri. Ba wai agogon ne ya lalace ko jan ƙasa ya danne masa wani ƙarfe a ciki ba, lokacin kansa ne ke tafiya a hankali a inda ja ya fi zurfi. A kusa da doron ƙasa lissafin gajere ne: g sau h, a raba da c sau c, inda g ƙarfin jan ƙasa ne, h tsayi, c kuma gudun haske. Sa 9.8 a wurin g, mita 1 a wurin h, gudun haske mita miliyan 300 a daƙiƙa, za ka samu kusan kashi 1.1 cikin 10^16 a kowace mita. In ka ninka da daƙiƙoƙin shekara, ya kama nanodaƙiƙa (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa) 3 da rabi a shekara. Mutumin da ya yi shekara 80 a tsaye, kansa ya girmi tafin ƙafarsa da wajen rabin mikrodaƙiƙa (kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa). Ko kuma ka ɗauki agogo ɗaya ka bari nan Damagaram, inda muke sama da teku da mita 400 da wani abu, ka kai ɗaya kan Idoukal-n-Taghès a tsaunukan Bagzan da ke mita 2,022, bayan shekara na kan tsaunin zai wuce namu da mikrodaƙiƙa 5 da ɗoriya.

An daɗe ana gwada wannan. Pound da Rebka sun fara gani a 1960 a wata hasumiya mai tsayin mita 22 da rabi a jami'ar Harvard, da hasken gama. A 1971 Hafele da Keating suka saya ma agogunan sesiyom kujera a jirgin fasinja suka zaga duniya da su. GPS ɗin da ke cikin salularka ma da wannan gyaran yake aiki: agogunan tauraron suna can sama da kilomita 20,000, raunin ja yana sa su sauri da mikrodaƙiƙa 45 a yini, gudun da suke yi yana rage musu 7, saura 38, kuma cikin mikrodaƙiƙa 38 haske ya ci kilomita 11, ka ga ba abin da za a kau da kai ba ne. A 2010 ƙungiyar Wineland a Boulder ta jihar Kolorado ta ɗaga agogo ɗaya da santimita 33 kacal kuma suka ga bambancin. A 2020 Katori da mutanensa suka sa agogo biyu a hasumiyar Skytree ta Tokiyo, tsakani mita 450, na sama yana wuce na ƙasa da wajen nanodaƙiƙa 4 a yini.

Wanda kake magana a kai shi ne na 2022, na ƙungiyar Jun Ye a cibiyar JILA, nan Boulder ɗin dai. Sun sanyaya ƙwayoyin sitironsiyom wajen 100,000, suka jera su hawa-hawa cikin tarkon hasken lazar, duka tarin tsayinsa kamar milimita ɗaya, sannan suka ɗauki hotonsa suka kwatanta kaɗawar na sama da na ƙasa. Bambancin da lissafinmu na ɗazu ya ba da ma milimita ɗaya kashi 1 ne cikin 10^19, kuma abin da suka gani kenan.

Yanzu ka tsaya ka duba da kyau. Mene ne na kwantum a nan? Matakan kuzarin atom ɗin, su ne suka ba mu agogon. Amma ƙwayoyin da ke sama suna sama, na ƙasa suna ƙasa, kowa da wurinsa. Gwajin Skytree ne aka matse shi ya koma milimita. Ainshitain ya ce lokaci na tafiya kaza a tsayi kaza, kwantum ya ce atom na kaɗawa kaza a cikin lokacin da yake ciki, kowa ya yi aikinsa ba su taka ƙafar juna ba. Shi ya sa na ce ba sulhu ba ne, don ba a ma kai su wurin da suke faɗan ba.

Atom mai faɗowa ta hanya biyu

Ka ce ta yaya ja ke taɓa abin da nauyinsa bai kai komai ba. Ai amsar tana wurin Galileyo: ƙaramin abu da babba tare suke faɗowa in ba iska. Jan da ke kan atom ɗin ƙarami ne ƙwarai, amma shi ma abin da za a motsa ƙarami ne daidai da haka, sai suka cinye juna, atom ya faɗo da g ɗin da dutse ke faɗowa. Abin da ke hana mu gani shi ne zafi. A zafin ɗaki ƙwayoyin iska na gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa, ko'ina suka nufa. Sai da aka koyi sanyaya su da lazar, aikin da ya ba Chu da Cohen-Tannoudji da Phillips kyautar Nobel a 1997, gudunsu ya dawo ƴan santimita a daƙiƙa, sannan aka iya jefa su sama a kalli dawowarsu.

Nan ne abin ya fara daɗi, don tun 1924 de Broglie ya ce duk wani abu mai nauyi yana da halin igiya, irin ta ruwa mai tashi da sauka. In aka haska ma atom lazar na ɗan ƙayyadadden lokaci, ana iya barinsa a hali biyu lokaci guda, ya karɓi turin hasken kuma bai karɓa ba, sai igiyarsa ta rabu biyu, reshe ɗaya ya bi ta sama ɗaya ta ƙasa. Haske na biyu ya juyo da su, na uku ya haɗe su. Ka tuna mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, muddin takunsu na tafiya daidai taɓarya na shiga ɗaya na fita, amma ɗaya ta ɗan makara ko da ƙiftawar ido ne, kunnenka zai ji tun daga zaure ko ba ka leƙa ba. Haka rassan nan biyu suke, in sun dawo sun haɗu, ɗan jinkirin da ɗaya ya samu a kan ɗaya shi ke yanke atom nawa za su fito ta wannan ƙofa nawa ta waccan, kuma jan ƙasa ne ke kawo jinkirin. Girmansa k sau g sau T sau T ne, k na hasken lazar, T lokacin da ke tsakanin haskawa. Lura da T sau biyu ɗin nan, shi ya sa kowa ke neman dogon bututu ko ma ya tafi sararin sama, don in ka ninka lokacin faɗuwa sau goma ka ninka kaifin awon sau ɗari.

Na farkon wannan layi ba ma da atom aka yi shi ba, da nutoron ne. A 1975 Colella da Overhauser da Werner suka raba igiyar nutoron cikin wani kiristal na silikon, suka riƙa karkata shi yadda hanya ɗaya za ta ɗan fi ɗaya tsayi, suka ga ƙidayar na hawa da sauka yadda lissafi ya ce. Wannan ne karo na farko da g na jan ƙasa da h na Planck, lambar da ke tushen kwantum (ba h na tsayi ba), suka zauna cikin lissafi ɗaya kuma gwaji ya tabbatar. Wanda ni na fi so in ba ɗalibaina kuwa na 2002 ne a Garnobul ta Faransa, na Nesvizhevsky da abokan aikinsa. Sun bar nutoron masu matuƙar sanyi suna tsalle a kan madubi, sai aka ga ba kowane tsayi suke iya tsallawa ba, matakai ne kamar na elektoron a cikin atom, na farko wajen mikromita 10 da wani abu. Wato jan ƙasa ma na yin matakan kuzari in an ba shi dama. Lissafinsa na Schrödinger ne, babban lissafin kwantum, da mgh (kuzarin tsayi) a ciki, a shekara ta uku za ka iya warware shi da kanka.

Da atom kuwa Kasevich da Chu suka fara a 1991 a Stanford. Zuwa 1999 sun auna g da sesiyom, suka kwatanta da na'urar da ke sakin madubi ya faɗo, awon biyu suka yi daidai har zuwa ƴan kashi cikin biliyan. Yanzu a Stanford ɗin akwai bututu mai tsayin mita 10, a cikinsa ne a 2015 aka raba igiyar rubidiyom har santimita 54, atom ɗaya fa, rabin mita tsakanin reshensa biyu, kuma suka dawo suka haɗu. A 2020 aka saki rubidiyom-85 da rubidiyom-87 tare aka ga faɗuwarsu ɗaya ce har kashi 1 cikin 10^12. A Fulorans ta Italiya a 2014 ƙungiyar Tino ta kewaye ƙwayoyin da tangistan mai nauyin kilo 516 ta auna babban G na Niyuton, lambar ƙarfin ja tsakanin kowane abu biyu masu nauyi, wanda abin kunya ne a ce har yau awon labo daban-daban bai gama daidaita a kansa ba, alhali sauran lambobin fizik an san su da lamba tara ko goma. Har kishiyar haidurojin ma, wato atom ɗin da cajin ƙwayoyinsa ya juye, a cibiyar binciken fizik ta CERN a 2023, an sake ta an ga ƙasa take faɗowa ba sama ba.

Duk waɗannan, ka sake tambayar kanka wa ke ja? Duniya. Tangistan. Kuma yawancinsu ko Ainshitain ba a buƙata, jan Niyuton aka zuba cikin lissafin Schrödinger ya wadatar. Kada ka ɗauka ma masanan ba su gardama a kan fassarar abin da suke gani. A 2010 Müller da Peters da Chu suka ce awon 1999 ɗin nan ai shi ma awon jinkirin lokaci ne, wai atom ɗin kansa agogo ne saboda nauyinsa, wasu masana a Faransa har da Cohen-Tannoudji, wanda suka raba Nobel da Chu, suka ce a'a, faɗuwa kawai kuka auna. Ni a nawa ganin ƴan Faransa sun fi hujja, don agogon da ba wanda zai iya karanta bugunsa da wuya a kira shi agogo, amma ka ga manya ma kan saɓa.

Inda rigimar take da gaske

A ka'idar kwantum lokaci kamar agogon bango ne da ke rataye can waje, ɗaya ne ga kowa, komai na gudana a ƙarƙashinsa. A wurin Ainshitain kowane abu da nasa lokacin, gwargwadon inda ya bi. To in atom ɗaya ya bi ta sama da ta ƙasa lokaci guda, shekarunsa nawa in ya dawo? A 2011 Zych da abokanta a Biyana suka rubuta yadda za a gwada: ka kunna agogon da ke cikin atom ɗin, sannan ka raba igiyarsa. Reshen sama zai tsufa fiye da na ƙasa, agogon zai zama kamar ya rubuta hanyar da aka bi, kuma doka ce a kwantum in har ana iya sanin hanyar da aka bi to alamar haɗuwar igiyoyin sai ta dushe. Yi lissafin ka gani: tiriliyan 429 sau 1.1 cikin 10^16 ya ba ka wajen 0.05 a daƙiƙa a kowace mita, kenan kana buƙatar riƙe rassan mita ɗaya tsakani har wajen daƙiƙa 10 kafin su saɓa da rabin kaɗawa. An samu rabin mita amma na wajen daƙiƙa ɗaya. A Berkeley an riƙe har daƙiƙa 20 a 2019, daga baya ma fiye da minti, amma tazarar ƴan mikromita ce. Kowane ɓangare an same shi daban, haɗa su ne ya rage. Wannan ne gwajin da aikin Jun Ye ke share ma hanya, kuma daga nan ne masu yaɗa labari suka tsallaka suka ce an gama.

Ko shi wannan ɗin in an yi, mataki na biyu ne kawai, don har yanzu duniya ce ke ja. Mataki na uku Feynman ya faɗe shi tun 1957 a wani taro a Chapel Hill: ka sa abu mai nauyi a wuri biyu lokaci guda, sannan ka tambaya jansa ta ina yake fitowa, hagu, dama, ko duka biyun? In duka biyun ne a halin kwantum, to shi sararin da lokacin kansu sun shiga hali biyu, abin da lissafin Ainshitain bai tanadi wurinsa ba. In kuma daga tsakiya yake ja, inda ba komai, to kwantum ne ke da gyara. Penrose da Diósi suna ganin ja ne ma ke rusa halin biyun in abu ya yi nauyi, shi ya sa ba ka taɓa ganin dutse a wuri biyu ba. An gwada mafi sauƙin sigar wannan ra'ayi a labon ƙarƙashin dutse na Gran Sasso a Italiya bai tsaya ba, amma sauran sigoginsa na nan.

A 2017 ƙungiyoyi biyu, ta Bose da kuma Marletto da Vedral, suka kawo dabara: ƙananan abubuwa biyu, kowane a hali biyu, a sa su faɗo kusa da juna a toshe duk wata hanyar da za su ji juna sai ja. In suka fito a sarƙe, irin sarƙewar kwantum da awon ɗaya ke ɗaure da na ɗayan, to ja ne ya ɗauki saƙon, kuma a hujjarsu abin da ba na kwantum ba bai iya wannan. Akwai masu jayayya da hujjar, amma yawanci sun yarda zai zama babbar shaida.

Me ya hana a yi? Rauni. Tsakanin furoton da elektoron jan lantarki ya fi jan nauyi sau 10^39 da wani abu. Ƙwayar caji ɗaya da ta ɓata ta maƙale a jikin abin ta isa ta binne siginar gaba ɗaya. Dubi ratar da kanka: a 2021 ƙungiyar Aspelmeyer a Biyana ta auna jan wani ɗan ƙwallon zinariya mai faɗin milimita 2, nauyinsa wajen miligiram 90, kuma aka yi ta murna don ba a taɓa auna jan abu ƙarami haka ba. A ɗaya gefen, a 2019 a Biyana ɗin dai ƙungiyar Arndt ta nuna halin igiya a molekul mai atom wajen 2,000. Tsakanin nauyin wannan molekul da na ƙwallon zinariyar akwai sifili 18. Ɗaya na saukowa ɗaya na hawa, ranar da suka haɗu a tsakiya ranar za a yi gwajin Feynman. Yaushe? Duk wanda ya ba ka shekara hasashe yake. Saboda haka in ka sake ganin labari irin wannan, nemi abu ɗaya a ciki, wane ne ke jan, kuma shi yana wuri ɗaya ko biyu.

Abin da ke cin ran masu awon

Da ɗalibaina mukan auna g da dutse da zare da agogon salula, a ƙirga lilo ashirin a raba. Sakamakon kan faɗo tsakanin 9.7 da 9.9, kuma kullum sai wani ya goge nasa ya rubuta 9.81 don ya yi daidai da littafi. Nakan hana, don 9.81 na wajajen Faransa ne, mu nan da ke kusa da tsakiyar duniya, digiri 14 bai cika ba, kuma a kan tudu, namu 9.78 ne. Abin da nake so su gane shi ne lamba ba ta da daraja sai ka san abin da zai iya karkatar da ita, tsayin zaren daga ina ka auna, iskar hunturu da ke shigowa ta taga, yatsan mai danna agogo.

Masu agogon 10^18 ma wannan ce rayuwarsu, sai dai nasu ya fi muni. Ɗumin bangon na'urar kawai, a zafin ɗaki, yana karkatar da kaɗawar sitironsiyom da wajen kashi 5 cikin 10^15, wato sau dubbai fiye da abin da suke nema, dole su san zafin wurin har zuwa ƴan kashi cikin ɗari na digiri. Ka kwatanta da watan Afrilu a nan, ga 40 da wani abu a inuwa ga kuran na zuwa yana tafiya. Sannan jan da kansa ya koma matsala: santimita ɗaya na tsayi daidai yake da kashi 1 cikin 10^18, ita kuma ƙasar da ka ɗora agogon a kai wata da rana na ɗaga ta suna sauke ta da santimita gommai kullum, har dutsen Birni da kake gani kamar ba ya motsi. Shi ya sa lokacin duniya da ake haɗawa daga agogunan ƙasashe sai an mai da kowane zuwa matakin teku, na Boulder da ke sama da mita 1,600 gyaransa ya kusa kashi 2 cikin 10^13. Ana shirin sake ma'anar daƙiƙa da waɗannan sababbin agoguna wajen 2030, kuma ɗaya daga cikin wahalhalun shi ne sanin tsayin kowane labo daidai. Sai abin ya juye, agogon ya zama ma'aunin tsayi.

Maganar ruwa

Tambayarka ta ƙarshe ba ta raini ba ce, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Gwajin Feynman ko an yi shi gobe ba zai ƙara ɗigo ɗaya a pampon Garin Malam ba. Amma na'urar atom mai faɗowa, ita kam tana da alaƙa da ruwa kai tsaye, don ruwa na da nauyi. Shimfiɗar ruwa mai kaurin mita ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka tana ƙara g da wajen kashi 4 cikin miliyan 100, na'urorin nan kuwa suna jin kashi 1 cikin biliyan, kenan ƴan santimita na ruwa ma suna ji. In ka auna wuri ɗaya kafin damina da bayanta, ka san ruwa nawa ƙasa ta sha ba tare da ka haƙa ba. An ma taɓa yin irin wannan a ƙasar nan, daga 2008, a wani aikin bincike mai suna GHYRAF, a Wankama kusa da Yamai da kuma wajen Diffa, sai dai da na'urar madubi mai faɗowa aka yi, ba ta atom ba. Fifikon ta atom shi ne ba ta da ƙarfen da zai goge ko ya saki, tana iya yin watanni tana awo ba tsayawa, an ma girka ɗaya a kan dutsen Etna mai aman wuta a Italiya a 2020, kuma a 2022 masana a Barmingam ta Ingila suka gano wani rami a ƙarƙashin titi da irinta.

Sai dai ka san matsalarmu a Damagaram, garin a kan dutse yake zaune, ruwan da ke ƙarƙashinsa a tsage-tsage yake maƙale ba a shimfiɗe ba, shi ya sa ake janyo shi daga nesa, irin su Gogo da Machaya da Aroungouza. A irin wannan ƙasa awon ja shi kaɗai bai cewa haƙa nan, masu neman wurin foraj sun fi dogara da tura lantarki cikin ƙasa su auna yadda yake ratsawa, ya fi arha kuma ya fi nuna tsagar. Inda awon ja zai yi mana aiki shi ne can wuraren yashi da ake zuƙo ruwan, a riƙa bibiyar ko abin da ake ɗiba ya fi abin da damina ke mayarwa, shekara bayan shekara. Na'urar tana da tsada ƙwarai, tana son kuran da ba ya yankewa da wanda ya iya lazar, kuma siginar da take bayarwa sai an cire mata jan wata da rana da nauyin iskar da ke sama kafin a ga na ruwan. Wannan cirewar lissafi ne da kwamfuta, kuma ɗalibin fizik da ya riƙe darasin igiyoyi da na ƙiyasin kuskure da kyau, ya ƙara da ilimin duwatsu, zai iya yin sa daga nan jami'ar André Salifou in an turo masa bayanan.